Saura Kwana Uku

Na sa wa kaina rana: Litinin.
Ni mai gyaran agogo a Taminus,
na tashi matattun allurai sun fi dubu,
amma nawa agogon, shekara ashirin da uku,
a kan "gobe" ya tsaya.

Yau Juma'a. Na je tiredar Ɗanliti,
na ce buɗe littafin bashi.
Ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ƙara juyawa,
ga sunana kamar jerin tururuwa:
kara biyu, kara uku, kara biyu.
Na biya. Na ce ja layi.
Ya ja, da murmushin wanda ya san hali:
"Malam Ilu, ai ko bara mun ja."

Bara daban.
Bara ban tsaya sau uku a tudun Gangare ba,
hannu a gwiwa, ƙirji yana kukan tsohon ƙyaure,
har wata gyatuma da buhun dankali a ka
ta wuce ni tana yi mini sannu.
Bara Ummulhairi ba ta kau da kai ba
da na sunkuya duba makinta na lissafi.
"Baba, rigarka tana warin tasha."
Shekararta bakwai.
Ba ta san ta yi harbi ba.

To, ga guzurina.
Kanumfari na ɗari biyu, aswaki sabo,
alewar citta mai ƙona maƙoshi.
Gwangwanin madarar da nake karkaɗe toka
na wanke, na zuba masa ƙananan sukurori.
Kwat ɗin sanyi mai huda uku a hannun hagu
yana wurin mai wanki.
Ashana kam na bar ta, ai ana ɗauke wuta.

Wanda ban san yadda zan yi da shi ba, Davou.
Shekara goma sha ɗaya, ƙarfe huɗu daidai,
zai fito daga ƙarƙashin mota, baƙin mai har gwiwar hannu,
mu laɓe bayan rumfa, ashana ɗaya, baki biyu.
Ko sa'ad da gari ya rikice, kowa ya koma unguwarsa,
ranar da kasuwa ta buɗe
ita ya fara miƙo mini.
Ba wanda ya ce uffan. Hayaƙi ya yi mana jaje.
Ɗazu na gaya masa.
Ya daɗe yana goge hannu da tsumma,
sannan ya ce, "To shayi fa? Shi ma ka tuba?"

Ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji.
Tsoron asubar Agusta a garin nan,
ruwa ya kwana yana dukan kwano,
sanyi ya sami ƙashi ya zauna,
yatsun nan biyu su farka suna laluben na ukunsu.
Tsoron bayan tuwo.
Tsoron ranar da wani zai ce na musanya masa batir,
ba inda zan hura fushina.
An ce kwanakin farko hannu rawa yake yi,
ni kuwa da hannun nake ci,
cikin agogo bai san uzuri ba.

Ke taba, ba zan zage ki ba.
Kin raka ni maƙabarta ranar da muka kai Inna,
kin tsaya da ni a ƙofar asibitin Filato
har kukan jaririya ya fito.
Sai dai ladan rakiyarki
a numfashi kike karɓa, kuma ba kya ba da canji.

Kwalin yana aljihu. Na ƙirga, saura bakwai.

Akwai wani agogon tebur a nan
da mai shi bai dawo ɗauka ba tun azumin bara.
Na saita shi ƙarfe biyar,
daren Lahadi zan ɗaga masa kunne.
Ga shi can yana tafiya, ƙyas, ƙyas, ƙyas.
Ni na gyara shi da hannuna,
na san ba zai makara ba.